Muryar Tressa a Tasha ta Bakwai

Litinin, 5 ga Agusta, ƙarfe bakwai na safe

Tsawar jiya ta bar wuta a wuri huɗu. Na ji a akwatin Orval tun kafin kofi ya tafasa. Uku ƙanana ne, sun ce za su gama da su yau. Ta huɗun tana bayan tudun Sawpit, inda mota ba ta zuwa, kuma kan mil tara ne daga ƙofar kicin ɗina.

Shekara talatin da ɗaya ke nan akwatin nan, sikana, yana zaune a kan firij yana zagaya tashoshi goma sha biyu: 'yan kashe gobarar daji, malaman daji, masu gadin wurin shaƙatawa na bakin tafki, 'yan sandan gunduma. Duk inda ake magana sai ya tsaya, in an gama ya wuce. Ba a magana da shi, ji kawai ake yi. Marigayi mijina Orval yakan ce shi ya sa ya dace da kowa ban da matarsa.

Delbert ya bugo ƙarfe shida da rabi, baki har kunne, wai zai ba ni labari. Shi ne maƙwabcina na gangare, ya sayi sabon akwati bara mai maɓallai sun fi haƙoransa yawa, tun daga nan yake ganin ya zama wani. Na ce masa wuri huɗu ne, ta huɗun bayan Sawpit, ya koma ya sa haƙoransa mu yi magana. Ya ce wata rana sai ya riga ni. Duk kwarin nan an san ba a riga Verna Tollefson jin labari. Ko ihun gargaɗin da gunduma ke turowa a wayar hannu na sa an kashe mini shi bara, don ba abin da zai gaya mini wanda ban ji minti ashirin kafinsa ba.

Talata, 6 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Ta Sawpit ta ƙi kwanciya. Eka ɗari shida.

An rufe zangon bakin tafki. Wata mai gadi ta shafe kusan minti goma tana kai ƙarar wani baƙo da ya ce ba inda za shi sai kifinsa ya gasu. Daga ofis aka tambaye ta ko kifin babba ne. Na yi dariya ni kaɗai har na ƙware. A tashar malaman daji kuma Lonnie, ɗaya daga cikinsu, ya tare babban titi don garken barewa ya tsallake, yana ƙirga su da baki kamar mai ƙirgan jikoki, arba'in da uku.

'Yan gobara sun nemi ƙarin ayari daga waje. Ban tsaya jin daga ina ba, na fita na shayar da tumatir.

Laraba, 7 ga Agusta, ƙarfe bakwai da kwata na yamma

Tara-biyu.

Ina juya wake a tukunya akwatin ya tsaya a tasha ta bakwai, wata murya ta ce Tara-biyu ce, mutum ashirin, duk sun sauko lafiya. Ludayin ya faɗi a ƙasa ban ɗauka ba sai da waken ya kama.

Muryarta ta ƙara kauri. Hayaƙi ne, haka ta ubanta ta koma. Tressa, 'yata, ita kaɗai gare ni, shekara talatin da huɗu, yanzu ita ke jan ayari na tara, Tara-biyu kuma lambar kiranta ce a rediyo. Shekara uku rabon da in ji muryarta, kuma yau ma ba da ni take ba.

Na tsaya na jira abin da ba ni da haƙƙin jira. Orval, in ya gama ba da rahoton yamma, yakan danna maɓallin rediyonsa sau biyu ba tare da ya ce komai ba, ƙas-ƙas. Ofis ba su taɓa kula ba. Namu ne na gida, ma'anarsa a ajiye masa abinci. Tressa tana 'yar shekara biyar take hawa kujera ta manna kunne a firij tana jiransa.

Ta gama rahoto, layin ya yi shiru, akwatin ya wuce wurin masu gadin tafki.

Alhamis, 8 ga Agusta, ƙarfe bakwai da rabi na yamma

Mutum ashirin, lafiya. Babu ƙas-ƙas.

Juma'a, 9 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Ita ke karanta yanayi da kanta. Kowane ayari yakan auna zafi da danshi da iska duk awa ɗaya ya faɗa a layi, kuma aikin sabon shiga ne, ba na shugaba ba. Kowa yakan zubo lambobin da sauri ya sauka. Ita kuwa sai ta ja su a hankali kamar mai koya wa 'yan aji ɗaya ƙirga, ta maimaita, sannan ta ƙara da cewa iska tana nesa da hanyar Sawpit, ko tana kwance, ko ta ɗan karkata. Ɓata lokacin layi ke nan. Da ubanta na nan da ya ja mata kunne, shi da kalma biyar yake gama rahoto.

Duk da haka na rubuta su a bayan ambulan ɗin takardar wutar lantarki. Zafi casa'in da huɗu a ma'aunin ƙasar nan, danshi goma sha huɗu. Ambulan ya cika, na ɗauko littafin girke-girke.

Lahadi, 11 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

A coci kowa sai ya riƙe hannuna ya ce ya ji Tressa na gari. Ya ji a ina? Rabinsu a bakin Delbert. Matar fasto ta tambaye ni ko ta leƙo gida. Na ce aiki ya yi mata yawa, kuma ba ƙarya na yi ba.

Jiya na gasa kek na tuffa guda huɗu. Yau bayan coci Delbert ya kai ni sansanin 'yan gobara a filin makiyaya. Tantuna sun fi ɗari, duk babu kowa, mutanen suna kan tudu. Matar da ke bakin ƙofa ta ce doka ta hana su karɓar abincin gida. Na sani, shekara nawa ina matar ɗan gobara, amma na yi kamar yau na fara ji. Ta tambaya ko zan bar wa wani saƙo. Delbert ya kalle ni, ni kuma na kalli tayar mota. Na ce a'a.

A hanya ya cinye rabin guda da hannu yana tuƙi. Ya ce, "Verna, ke fa ko itacen da ya shekara ɗari a tsaye bai kai ki taurin kai ba." Na ce ya bar maganar itace. Ya gane abin da ya faɗa, ya ajiye kek ɗin. Tsohon banza, amma yana da kunya.

Abin daɗi ɗaya: Lonnie ya tsinci ɗan beyar a bakin rafi, tafin ƙafafunsa sun ƙone, uwar ba a gan ta ba. Ya nannaɗe shi a rigarsa. Muna ji a layi abin yana ihu yana yaƙushinsa, Lonnie yana ba shi haƙuri.

Litinin, 12 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Bari in rubuta.

Akwatin ya tsaya a tashar tafki, ana neman wani karen da ya ɓata, farare ne ƙafafunsa ko ba farare ba, aka yi ta ja. Da ya saki ya koma ta bakwai sai na tarar ana tsakiyar magana: kowa ya bar layi, akwai wanda ya ji rauni, a turo jirgi. Ban ji farkon ba. Ban ji wane ayari ba, ban ji namiji ne ko mace ba. Minti goma sha ɗaya ina tsaye riƙe da ƙofar firij.

Ayari na huɗu ne. Zarto ya yanki wani a cinya, sun ce zai rayu. Allah ya ba shi lafiya, ya kuma yafe mini daɗin da na ji.

Wancan karon, ranar da itace ya faɗo wa Orval a bakin aiki, ban rasa farko ba. Tun daga kalma ta farko na ji, a nan inda nake tsaye. Tressa ke tare da shi ranar, ita ta yi kiran. Sau shida ta nemi jirgi, muryarta ba ta karye ba ko sau ɗaya, kuma ina jin abin da ya ba ni haushi ke nan. Sauran, abin da na faɗa a kicin ɗin nan bayan mun dawo daga maƙabarta, ba zan rubuta shi ba. Bangon ya ji, ya isa.

Na danna maɓallin tsayawa. Akwatin ya daina yawo, yana kan ta bakwai, nan zai zauna. Ba kare ko kifi da zai sake raba ni da farkon magana.

Talata, 13 ga Agusta, ƙarfe shida na yamma

An sa hanyarmu a mataki na biyu, wato a ɗaure kaya a zauna da shiri. Delbert ne ya gaya mini, kuma ya riga ni. Ya kusa yin rawa a baranda. Na bar shi ya ci wannan, ban gaya masa dalili ba.

Na sa takardun gida da hotuna da hular kwanon Orval a bayan mota. Delbert zai kwashe dawakinsa zuwa filin baje koli na gari, sawu uku, don tirelarsa biyu take ɗauka.

Yana shan kofi aka zo karanta yanayi na ƙarfe biyar. Ya saurara, ya karkata kai. Ya ce abin da bai gane ba, ayari na tara suna can gefen arewa, mil shida daga nan, to wa ya damu da hanyar Sawpit a cikinsu da za a riƙa ambatonta duk awa? Na ce surutu ne, gado ta yi. Ya ce ai ya san wurin wa.

Laraba, 14 ga Agusta, ƙarfe bakwai da kwata na yamma

Iska ta kwanta yini guda. Sun ce sun kewaye kashi talatin cikin ɗari na wutar. Mutum ashirin, lafiya. Na ji wani yana dariya a bayanta lokacin da take magana, na ji daɗi tana cikin masu dariya.

Delbert ya ce ɗan beyar ya fara cin tuffa.

Babu ƙas-ƙas. Amma akwai gobe.

Alhamis, 15 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Hayaƙi ya yi kauri, na rufe tagogi na ja labule. Na yi wanki tun da sassafe. Zan dafa jam, 'ya'yan itacen nan ba za su jira gobara ba.

Juma'a, 16 ga Agusta, ƙarfe goma na safe, ɗakin wasanni na makarantar sakandare

Ina kan gadon sojoji tsakanin matar fasto da wata mai kyanwa uku a kwali. Aron biro na yi. Bari in faɗi yadda aka yi tun kafin garin nan ya gama gyara labarin.

Jiya ƙarfe ɗaya Tressa ta karanta yanayi ta ce iska ta juya, ta nufi hanyar Sawpit. Ta faɗa sau biyu. Ƙarfe biyu ta faɗa sau uku, mil ashirin da biyar a awa, ta nufi hanyar Sawpit. Ni kuwa na rubuta a littafi da kyau, har na ja layi a ƙasa, ina gode wa Allah iskar ta bar gefen arewa inda take. Wallahi ko kaɗan ban kawo kaina a lissafin ba.

Ashe tun ƙarfe ɗaya da rabi an ba da mataki na uku, kowa ya fita. A tashar gunduma aka faɗa, wadda na daina ji tun Litinin. An turo a waya, wadda na sa aka toshe wa baki. Ɗan sanda ya bi gida-gida, ya haɗu da Delbert a gada da sawun dawaki na ƙarshe, ya tambaye shi saura wa a sama. Delbert ya ce Verna ce kaɗai, ita kuwa ai ta ji tun kafin a faɗa, tana gari yanzu haka tana yi wa mutane dariya. Ɗan sandan ya san ni, ya yarda, ya juya. Matar fasto ta ce ta ɗauki waya za ta kira ni sai ta ji kunya, wai kamar a kira likita a gaya masa ana mura. Mutum goma sha ɗaya suka gaya mini irin wannan tun jiya. Ba wanda ya kira.

Ƙarfe uku saura ina zuba jam a kwalabe sai shugaban sashe ya kira Tara-biyu. Ya ce jirgin sama ya hango gida a ƙarshen hanyar Sawpit, koren rufi, jar mota a tsakar gida, shanya a igiya, ko tana da wanda za ta tura. Na tsaya da mazurari a hannu ina cewa wace sakarya ce wannan. Sai da ya ce shanya a igiya karo na biyu na tuna zanen gadona.

Tressa ta ce motarsu mafi kusa sai ta yi minti arba'in. Ya ce wutar ba za ta ba da arba'in ba, zai nemi 'yan sanda. Sannan ta dawo, ta ce tana neman izinin layi na daƙiƙa goma. Ba ta jira an ba ta ba.

"Mama. Na san kina kan wannan tashar. Ki ajiye abin da ke hannunki, ki kashe murhu, ki ɗauki makulli. Kada ki bi ta gada, ki bi ta gonar Delbert ki fita babban titi. Yanzu, Mama."

A layi ba a kiran suna, balle uwa. Shekara talatin da ɗaya ina sauraro ban taɓa jin an yi ba. Mutum wajen ɗari uku ne a kan tashar nan.

Na kashe murhu. Na ɗauki makulli. Da na buɗe ƙofa sai na ga rana ta zama ja kamar gwaiduwar ƙwai, toka tana sauka a kan zanen gadona, wani ƙara kuma yana tahowa daga tudu kamar jirgin ƙasa. Na bi ta gonar Delbert, na tafi da ƙyauren shingensa a gaban mota. A babban titi Lonnie na tsaye da motarsa a gicciye. Ya leƙo, ya ɗaga rediyo ya ce jar mota ta fito, mutum ɗaya, lafiya. Na ji amsar ta rediyonsa. Ta ce, "Tara-biyu, na ji." Shi ke nan. Amma muryar ta karye a tsakiya, na ji da kunnena.

Akwatin yana can kan firij. Ko waiwayarsa ban yi ba.

Asabar, 17 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Duk wanda ya wuce gadona sai ya ce, "Yanzu, Mama." Har fasto. Mai raba miya ta tambaye ni ko in ci yanzu ko sai an sanar a rediyo. Na cancanta, ina karɓa ina murmushi, amma na rubuta sunayensu.

Delbert bai yi tsokana ba. Ya zo ya zauna a bakin gado yana murza hula, ya ce da bakinsa ya kusa kashe ni. Na ce masa ni na gina wannan suna da hannuna shekara talatin, shi dai ya yarda da ni ne kawai, kuma yana bina bashin ƙyauren shinge. Ya kawo akwatinsa mai maɓallai ya ajiye mini a kan kujera. Da ƙyar muka nemo ta bakwai.

Wani namiji ne ke karanta yanayin ayari na tara. Yini guda ban ji ta ba. In sun sauke ta saboda daƙiƙa goman nan, to na cuce ta karo na biyu ke nan.

Ba labarin gida. Ban damu da gidan ba, na yi mamakin kaina.

Lahadi, 18 ga Agusta, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ta dawo layi. Tara-biyu, mutum ashirin.

Ta karanta yanayi da sauri kamar kowa, lamba huɗu, ta sauka. Ba jan magana, ba maimaici, ba hanyar Sawpit. Na ce wa Delbert ka ji, sun ja mata kunne ta gyara. Ya dube ni kamar yau ya fara ganina.

"Verna, ba kowa a hanyar Sawpit yanzu. Wa za ta karanta wa?"

Na tashi na shiga banɗakin 'yan mata na makarantar na rufe ƙofa. Kwana tara tana yi mini magana duk awa ɗaya, a hankali saboda ta san kunnena na hagu, ni kuma ina zaune ina jiran ƙas-ƙas ina cewa ta cika surutu. Na yi kuka sosai. Mai kyanwa uku ta ƙwanƙwasa ta miƙo mini takardar share hanci ta ƙarƙashin ƙofa.

Litinin, 19 ga Agusta, ƙarfe biyu na rana

Ruwa. Ba mai yawa ba, amma ruwa. Mutane sun fita filin ƙwallo sun tsaya a cikinsa.

Lonnie ya biyo ya ce gidan yana tsaye. Rumbun ciyawa ya tafi, da shagon aikin Orval. Ɗan beyar ya ciji likita, wai alama ce mai kyau.

Talata, 20 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma, gida

Baƙi ƙirin ta ko'ina har bakin lambu, sannan ga gidan a tsakiya kamar an ajiye shi daga baya. An kwashe itacen girkin da ke jingine da bango an watsar nesa. An sare bishiyar da ke taɓa rufi, wadda Orval ya shekara goma yana cewa zai sare. An yi shara da fatanya kewaye da gidan har ƙasa ta fito. Aikin mutum ashirin ne, na san hannun.

A ciki an sauke labule, an ninke zanen gadona an ajiye a kujera, duk ramukan ƙuna. Makullin ɓoye ya koma ƙarƙashin tsohon takalmin Orval. Kwalaben jam bakwai na cika, shida na tarar. An wanke cokali an sa shi a aljihun wuƙaƙe. Mutum ɗaya ne a duniya ke sa cokali a nan, shekara goma sha takwas ina faɗa a kai.

Na bar shi a wurin.

Wutar lantarki ta dawo ƙarfe huɗu, akwatin ya farka da kansa, yana kan ta bakwai. Na sake shi ya ci gaba da yawonsa. Na kuma kai wayar an buɗe mata baki.

Laraba, 21 ga Agusta, ƙarfe bakwai na yamma

An sallami ayari na tara. Kwana goma sha huɗu sun cika, hutun kwana biyu dole. Wata murya daga ofis ta yi musu godiya, Tressa ta ce sun bar layi.

Ban san inda za ta yi hutun ba. Na canza zanen gadon ɗakinta, don ƙura kawai. Na sayi ƙwai dozin biyu, don sun yi araha.

Alhamis, 22 ga Agusta, ƙarfe uku na rana

Ƙarfe goma na ji mota. Na ɗauka Delbert ne ya zo kan maganar ƙyaure, na fito da bakina a shirye.

Tressa ce. Ta rame. Gashin an yanke shi gajere, akwai fari a gefe, wuyanta har yanzu da baƙin toka. Ta tsaya a ƙasan matakala da jaka a kafaɗa, ba ta hau ba. Ta ce ta zo duba ko akwai sauran wuta a kututturan bayan gida. Na ce to. Muka zagaya tare muna taɓa kututture ɗaya-ɗaya da bayan hannu kamar yadda ubanta ya koya mana, duk sun yi sanyi, ita ma ta san sun yi sanyi. Ta ce an rubuta mata takardar gargaɗi saboda layi, an kuma ajiye ta yini guda. Ta ce yaran ayarinta sun daina kiranta shugaba, sai "Yanzu Mama".

Da muka shiga kicin na tsaya daidai inda na tsaya wancan karon. Na shirya magana mai tsawo tun Lahadi, duk ta gudu.

Na ce, "Abin da na faɗa a nan ƙarya ne. Na ji komai ranar. Ba abin da ake yi wanda ba ki yi ba. Na rasa wanda zan kama ne, ke kuma kina kusa."

Ta daɗe tana kallon firij. Ta ce, "Na san kin ji, Mama. Shi ya sa ya yi ciwo."

Na ce na sani. Na ce ta yafe mini. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ajiye jakar a ƙasa ta tambaya ko akwai ƙwai.

Shida ta ci, da burodi da rabin kwalbar jam. Ina soya na biyar na kasa haƙuri na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa yin ƙas-ƙas ba. Ta ce wannan na Baba ne, ba ta iya taɓa shi. Ta ce ita nata ta yi, ba laifinta ba ne in wadda aka yi wa tana can tana gyara mata aiki. Na ce ai gaskiya ta cika jan magana. Ta yi dariya da abinci a baki, har ta buga tebur kamar shi.

Ta ce za ta ɗan kishingiɗa minti goma. Awa uku ke nan, da takalmi ɗaya a ƙafa. Asabar za ta koma, akwai wata wutar a kudu, kuma ban ce komai ba a kai, ba kuma zan ce ba. Ta rubuta mini lambar tasharsu ta can a bayan littafin girke-girke, ta ce ba zai kamo daga nan ba, sai dai ta kira a waya. Ta ce in ɗauka.

Delbert ya bugo yana tambaya ko na ji abin da ake ciki a bakin tafki. Na ce ban ji ba, ya gaya mini gobe. Ya tambaya ko lafiya.

Lafiya lau. Na kashe akwatin ne, yana hana ni ji. Tana minshari kamar ubanta, ana jinta ta bango.